Laifin Wani da Sunan Ƙanena

Ni ba mai haƙuri ba ce, kuma na daina jin kunyar faɗa. Innarmu takan ce da ana musanyen zuciya a kasuwar Lahadi, da tuni ta kai tawa ko da za ta yi ciko. Autanmu kuwa shi ya kwashe sanyin gidan duka. Mutum ne da za ka taka ƙafarsa ya ce maka sannu. Shi ya sa da abin ya same shi na karɓi fushinsa na riƙe masa, don na san in na bar shi a hannunsa zubarwa zai yi.

Sana'arsa ita ce ta rabin samarin Jibiya a wancan lokaci, wato ɗaukar mai a jarka bisa babur a tsallaka da shi Nijar. Ba nasa ba ne man, na wani ɗan kasuwa ne a Magama da ba ya taɓa barin inuwar shagonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Auta zai ɗaure jarkoki tun da safe, ya ratsa ta cikin gonakin gero don ya kauce wa shinge, ya sauke wajen Ɗan Isa, kafin azahar ya dawo da dogon burodin nan na mutanen can wanda Inna ke so ta tsoma a shayi. Ba zan ce gwamnati ta halatta abin ba. Amma babu wanda ke kallonsa a matsayin abin kunya, har limamin unguwarmu a wurinsu yake sayen man injin ban-ruwansa.

Kamu kuwa wani ɓangare ne na aikin, kamar facin taya. Kuma akwai ƙa'idar da kowane yaro ke haddacewa tun kafin ya iya taka birki: in an kai ka kotu, ka amsa, a ci ka tara, ka kwana gida. Wanda ya ce bai yi ba, sai a tura shi gidan yari ajiya, a yi ta ɗage shari'a, babur ɗinsa na tsatsa a harabar 'yan sanda har ciyawa ta fito ta cikin taya. Don haka babu mai jiran a gama karanta masa takarda. Da an tambaye ka sai ka ce haka ne. Mu kanmu mata muna dariyar wanda ya tsaya gardama, mu ce ga sarkin taurin kai zai sha gabza.

Sai dai shekarar da aka kama auta ba irin sauran shekaru ba ce. Ɓarayin daji sun hana ƙauyuka barci, dangin Inna na wajen Farfaru sun cika mana tsakar gida da tabarmi da 'yan awakinsu. An hana sayar da mai a jarka, saboda an ce da shi ɓarayin ke cika baburansu. Akwai kuma kalmar da ta shigo gari ta fi wuƙa kaifi, infoma, wato mai yi wa ɓarayi aiki daga cikin gari. In aka liƙa wa mutum ita, ko bai mutu ba ya gama rayuwa. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da igiya, a gona aka kashe masa babban ɗansa. Dattijon ne ya yi wa auta huɗuba ranar da aka haife shi, kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai ɗana.

Ranar da za a kai shi kotun majistare na ƙulle kuɗin tara a bakin gyalena na tafi, har na ce wa Inna ta ɗora masa ruwan wanka. Ɗakin ya cika, ni a bakin taga na samu wurin tsayawa. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe da takarda, ya yi ta zuba Turanci cikin hanci kamar mai karatun da aka tilasta masa. Turancina a firamare ya tsaya, ko da ma na iya, janareta ba zai bar ni in ji ba. Tafinta, wanda da gani ya gaji da ganin samari da jarkoki, ya dubi auta ya ce an kama shi da jarkokin mai a kan babur a hanyar daji, haka ne ko ba haka ba? Auta ya ce haka ne. Aka tambaye shi ko ya fahimci tuhumar, ya ce ya fahimta. Aka ce yana da abin cewa, ya ce a yi masa sassauci.

Daga nan na ga fuskar alƙali ta sauya. Ya cire tabarau, ya daɗe yana faɗa yana nuna auta da biro. Na fara kwance bakin gyale duk da haka, don a zatona tarar ce za ta yi nauyi. Sai wani mutum kusa da ni ya ja tsaki ya ce wa na gefensa, ka ji, ya amsa da bakinsa shi ke kai wa ɓarayin daji mai. Ɗaurin shekaru aka yanke masa, babu zaɓin tara. Auta yana ta waige yana nemana da ido, har lokacin yana jiran a faɗa masa inda ake biya.

Labarin ya riga ni isa gida. Na tarar a cikin dangin Inna har wata tana naɗe tabarmarta. Ruwan wankan na nan a kan murhu ya ƙone rabi. Dattijo mai igiya na zaune a ƙofarsa, na gaishe shi, ya juya fuska bango.

Da na je ganin auta a gidan yari a Katsina, abin da ya iya ce mini ta cikin raga kenan: "Yaya, ni hwa jarka aka tambaye ni. Mi zan ce? Jarka dai an kama ni da ita."

Wani lauya muka samu ta hannun mijin ƙawata, saurayi ne ramamme mai yawan shan ruwan leda. Shi ya je ya nemo kwafin takardar tuhumar, ya zaunar da ni a ofishinsa ya fassara mini ita layi-layi. A sama, sunan auta ne da shekarunsa da unguwarmu, babu kuskure. Amma daga nan zuwa ƙasa labarin wani ne. Dajin da aka ambata yana wani gefe daban da hanyar iyaka. Ranar da aka rubuta ta riga ranar kamunsa da makwanni. Babur ɗin ba irin nasa ba ne. A layin ƙarshe ma, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, sunan ainihin mai laifin na nan zaune daram ba a goge ba.

Lauya ya yi mini bayanin yadda ake aikin. Akawun da ke buga wa 'yan sanda takardu ba ya fara sabuwa. Tsohuwa ce guda a cikin kwamfuta, sai ya buɗe, ya goge sunan jiya ya sa na yau, ya gyara abin da ya tuna. Ranar auta, ta wani da aka kama da gaske yana kai wa ɓarayi mai ya buɗe. Ya sauya kai ya bar gangar jiki, ya buga, aka sa hannu, aka kai kotu. Daga akawun har ɗan sanda har alƙali, babu wanda ya karanta ta zuwa ƙarshe.

Na miƙe na ce to ai shi ke nan, gobe sai a sako shi. Lauyan ya yi murmushin da ya sa na ji kamar in kifa masa mari. Ya ce ba kowane kuskure ne ke rushe amsa laifi ba. In kwanan wata ne ya goce, ko lambar sashe, ko wani abu ƙarami, kotu takan ce tunda mutum ya san abin da yake amsawa, amsarsa na nan. Sai mun tabbatar wa babbar kotu cewa auta bai san me ya amsa ba. Kuma a kan hakan lauyan gwamnati ya kafe: jarka jarka ce, mai mai ne, daji daji ne, an tambaye shi ko ya fahimta ya ce ya fahimta. Magana zarar bunu ce, in ji shi, ko da yake shi da Turanci ya faɗa. Aka shiga ɗage zama. Yau alƙali ya tafi taro, gobe fayil bai iso ba, jibi an shiga hutu. Damina ta wuce, wata ta zo ta tarar da mu.

A ɗaya daga cikin zaman ne na fara ganin akawun da idona. Na zaci zan ga mugu, sai na ga mutum fes-fes cikin farar shadda, da biro uku a aljihu da tabon sallah a goshi. Ashe ma na san shi a ido, bayan tasha yake zaune. Da aka tambaye shi, ya ce aiki ne ya yi yawa a ranar, kuma yana cikin gyara aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita ya ɗauka ya gama. Ya ce tuntuɓen alƙalami ne, ɗan Adam ajizi ne. Bai dubi inda auta yake tsaye ba ko sau ɗaya. Da aka tashi na biyo bayansa har bakin titi, na gan shi ya tsaya wurin mai rake, ya zaɓi mai kauri, ya sa aka fere masa, yana sha yana tofar da tuka yana hira da wani a kan ƙwallo. A nan na tsane shi, tsana irin wadda ban taɓa yi wa ɓarayin dajin kansu ba. Su aƙalla sun san abin da suke yi.

Daga ƙarshe babbar kotu ta rushe hukuncin. Ta ce tuhumar da aka karanta ba ta auta ba ce, don haka amsar da ya bayar ba amsa ba ce. Aka sako shi bayan ya kusa shekara biyu a ciki, da ƙuraje a jiki da haƙori ɗaya da ya rasa. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Ni da wautata na dafa shinkafa da kaji ina jiran 'yan barka. Yaran unguwa ne suka cinye.

Ƙarya a kan babur ta shiga gari, gaskiya kuma da ƙafa ta biyo ta, ga ta cikin Turanci. Na ɗauki takardar hukuncin na kai wa mai unguwa, ya jujjuya ta ya ce madalla, ya miƙo mini. Na kai wa liman na roƙe shi ya faɗa bayan sallah, ya ce zai duba lokacin da ya dace, har yau lokacin bai dace ba. Abin da mutane suka riƙe shi ne ya amsa da bakinsa, sakin kuma ai kowa ya san yadda ake sakin mutane. In ɓera da sata, in ji su, daddawa ma da wari. In auta ya zauna a teburin mai shayi sai benci ya yi sauƙi. Ya gai da dattijo mai igiya safe da yamma, bai taɓa samun amsa ba, kuma bai fasa ba. Duk ranar da aka kai hari wani ƙauye, sai mu ga 'yan sa-kai suna wucewa ta ƙofarmu a hankali suna leƙe. Wata rana ɗaya daga cikinsu, wanda suka yi makarantar allo tare, ya ja shi gefe ya ce don Allah ya ɗan yi nisa, shi ba zai iya tare kowa ba. Auta ya ɗaure kayansa a buhu ya tsallaka Maraɗi, ya kama facin taya a bakin wata tasha. Ɗakinsa ya kulle ya tafi da makullin, Inna ta hana kowa shiga, ta ce kwana nawa ne zai dawo.

Ni kuma na juya kan akawu. Na sa lauya ya rubuta ƙorafi a kansa, aka ce za a bincika, sakamakon binciken shi ne an mai da shi wani ɗaki mai fanka biyu. Na daina bin gajeriyar hanya zuwa kasuwa, na koma bi ta ƙofar gidansa don kawai in wuce ban gaishe shi ba, shi kuwa bai ma san ana yi ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Gab da wata sallah matarsa ta kawo mini ɗinki, don shi ne sana'ata, ba ta san ko ni wace ce ba. Na auna ta tsaf, na karɓi atamfar, na ajiye har daren jajibere ya matso, sannan na aika mata da ita yadda ta kawo, ko almakashi ban sa ba. Na san matar ba ta yi mini komai ba, kuma ban ji daɗin da na zata zan ji ba, amma ban yi nadama ba. A sujada ba mutuwa nake roƙa masa ba. Roƙona Allah Ya ɗanɗana masa a kira shi da abin da ba shi ba ne, ya rantse a ƙi yarda. Masu wa'azin gida suka yi ta ce mini in bar wa Allah. Na ce na bar maSa, tuni nake yi.

Inna ba ta ƙara lafiya ba. Takan tambaye ni ko mutane sun fara mantawa, in ce sun fara. Ta rasu cikin bazara da rana tsaka, auta ya iso ana shirin fita da ita.

Zaman makoki maza a waje ƙarƙashin rumfa, mu mata a ciki. Ni ke zuba abinci a faranti ina aikawa, kowane faranti na mutum huɗu ko biyar, yadda aka saba. Da aka fara dawo da su, duk a suɗe suke tas, sai guda ɗaya. An ci ta gefe ɗaya kawai, ɗan rami kamar na hannun yaro, sauran tuwon na nan da miyarsa ko yatsa bai taɓa ba. Na tambayi na wace tabarma ne, aka ce ta auta. Na je na leƙa ta zaure. Rumfa cike take, mutane har kan dakalin maƙwabta, ana matse juna. Shi kaɗai ne a kan tabarmarsa, mai gaisuwa ya tsaya daga nesa ya ɗaga hannu ya wuce. Ranar mutuwar uwarsa ce. A tabarmar tsakiya kuma, kusa da liman da dattijo mai igiya, ga farar shadda, ga biro uku, yana lasar yatsa.

Bayan la'asar aka shigo aka ce wani baƙo na son yi wa babbar ɗiya ta'aziyya a zaure. Na fito na sami akawu ya rusuna. Ya yi addu'a mai tsawo, mai kyau kuwa, ba zan hana shi wannan ba. Sannan ya ce Allah Ya nufe shi da sauke farali bana, ya yi ritaya, yana zagaya mutane neman gafara kamar yadda matafiyi ke yi, in akwai abin da ya taɓa shiga tsakani a yafe. Ya faɗe ta ne a dunƙule, irin yadda ake faɗa, yana jiran in ce babu komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, a gai da Ma'aiki. Har ya fara gyara hula zai miƙe.

Na ce masa ya zauna. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda ya zo zan sauƙaƙa masa.

"Ga shi can shi ɗai bisa tabarma. Yanzu zan sake zuba tuwo. Ka tahi ka zamna kusa da shi, ka sa hannu cikin kwanonai, ka hwaɗa ma mutanen ga da Hausa abin da kay yi. Ka ce takardar wani ce kas sa ma sunanai. In ka yi, na yahe, duniya da lahira."

Ya dubi tabarmar zaure. Ya ce ai kotu ta riga ta wanke shi, magana ta wuce, tone-tone ba shi da amfani a gidan rasuwa. Na ce kotu ba ta cin tuwo a unguwarmu. Ya ce shi tsohon ma'aikaci ne, akwai sirrin aiki, kuma takardun fanshonsa ba su gama fitowa ba. Na ce to ko maganar ya bari, ya ci loma ɗaya kawai mutane su gani. Ya shafa cikinsa ya ce wallahi ya ƙoshi.

Ban ɗaga murya ba. Na ce masa ya tafi Makka lafiya, ya yi ɗawafinsa, ya jefi Shaiɗan da kyau, amma ya sani ban yafe ba, kuma Allah Ya isa. Mata a bayana suka yi salati, wata ta ja mini gyale ta ce gidan mutuwa ne. Shi kuwa ya sa takalmansa ya fita ta gefen rumfar, bai bi ta gaban auta ba.

Na koma na zuba tuwon duk da haka. Na ɗauka da kaina, na keta zaure, na fita cikin maza da jimamin mutuwar uwata a fuska, na zauna a kan tabarmar ƙanena na sa hannu. Duk rumfa ta juyo kanmu. Na ci ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, liman ya sunkuyar da kai, mai igiya ya kafa wa carbinsa ido. Na jira ko namiji ɗaya zai ji kunya ya taso. Babu wanda ya motsa. Auta ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, koma ciki, don Allah. Ƙara mini kike yi."

Bai jira addu'ar uku ba. Washegari da hantsi ya shigo ɗakin Inna ya same ni ina ninke kayanta. Ya ce ya ji abin da ya faru a zaure, shi dai ya yafe wa mutumin tuntuni, ni ma in yafe in huta. Na ce nasa ya yafe, nawa na nan. Ya yi 'yar dariya, ya zaro makullin ɗakinsa daga aljihu ya ɗora a kan tulin zannuwan.

"A ba wani ɗakin," ya ce. "In ajalina ya zo can, kada ki wahalar da kowa a kawo ni. Can ana sallata."